Ba nasarar yaƙi ce ta ba Nelson muƙamin admiral ba

Na gaji da jin ana cewa jarumtakar Horatio Nelson, shahararren sojan ruwan Ingila, ce ta sa Ingila ta naɗa shi admiral, wato muƙamin manyan hafsoshin sojan ruwa da ke sama da kyaftin. Masu faɗin haka suna da uzuri. An ba shi muƙamin ne ranar 20 ga Fabrairun 1797, kwana shida kacal bayan yaƙin Cape St Vincent, inda ya jagoranci kame jiragen ruwan Sifen guda biyu. Duk wanda ya dubi ranakun nan zai ɗauka tukuici ne.

Sai dai ba haka tsarin yake ba. A rundunar sojan ruwan Ingila ta wancan zamani, da zarar mutum ya zama cikakken kyaftin, sunansa ya shiga layi ke nan. Komai bajintarsa ba ya tsallake na gabansa, sai manya sun mutu ko sun matsa sama kafin layi ya zo kansa. Nelson ya zama kyaftin a 1779 yana ɗan shekara 20, ya jira kusan shekara 18, ciki har da shekarun da ya yi zaune a gida yana karɓar rabin albashi. Ranar da aka ƙara masa girma, labarin yaƙin bai ma iso Landan ba.

Abin da ya taimake shi shi ne shiga layin da wuri, kuma a nan akwai hannun kawunsa, Maurice Suckling, babban jami'i a rundunar, wanda ya sa shi aikin tun yana ɗan shekara 12. Ladan yaƙin kuwa daban aka ba shi, wato lambar girma da laƙabin "Sir".