Ba daga ƙarshenta ake gane lambar da ba ta rabuwa ba

Ɗalibai da yawa a Asawase da Aboabo, nan Kumasi, sun ɗauka duk babbar lambar da ta ƙare da 1, 3, 7 ko 9 ba ta rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kanta. Kuskure ne. Abin da ƙarshen yake nunawa kawai shi ne 2 da 5 ba sa raba ta.

Ɗauki 1,000,001. Raba ta da 3, da 7, da 11, da 13: kowanne ragowar 2 yake bari. Nan yawanci ake gajiya a yanke hukunci, alhali 101 sau 9,901 ita ce cif. Ga lamba mai wannan girma, gwaji ba ya ƙarewa sai an kai 1,000, domin 1,000 sau 1,000 ne miliyan: in tana rabuwa, dole a samu mai raba ta da bai wuce 1,000 ba. Maƙwabciyarta 1,000,003 kuwa, duk cikin lambobin daga 2 har 1,000 babu mai raba ta.