Nasiha Ga Mai Cewa "Daga Gobe Na Daina"

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu, 'yan'uwa maza da mata.

Akwai wanda ya shekara biyar yana cewa "daga gobe na daina." Kuma da gaske yake faɗa, wani lokaci har da hawaye a sujada. Gobe ta yi, rana ta faɗi, sai ya tsinci kansa a inda ya bari jiya: waya a hannu har ƙarfe biyu na dare, ko karan sigari a baki, ko naman wani a kan harshe. Daga nan sai ya yanke wa kansa hukunci, ya ce shi dai haka Allah ya yi shi, hali zanen dutse. Ɗan'uwa, da hali ba ya canzuwa da ba a aiko Manzanni ba, da kuma Allah bai ce a Suratur Ra'ad aya ta 11 ba Ya canza abin da ke ga mutane sai sun canza abin da ke cikin rayukansu. Niyyarka tana da kyau. Inda aka samu matsala shi ne ka ƙulla niyya, amma ƙofar da ɗabi'ar take shigowa ka bar ta a buɗe.

Ka tuna hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Sa'id al-Khudri, na mutumin da ya kashe rai 99. Ya je wurin wani mai yawan bauta ya tambaye shi ko yana da tuba, ya ce masa babu, sai ya cika ɗari da shi. Sannan aka nuna masa malami. Malamin ya ce masa, wa zai shiga tsakaninka da tuba? Amma bai sallame shi a nan ba. Ya ce masa ya tafi ƙasa kaza, akwai mutanen da ke bauta wa Allah a can, ya yi bauta tare da su, kada ya koma ƙasarsa domin muguwar ƙasa ce. Dubi hikimar mai ilimi. Ya san cewa mutumin da ya tuba da safe, idan ya koma cikin abokan jiya da hanyoyin jiya, kafin dare zai koma aikin jiya. Mu kuwa muna son mu tuba muna zaune a kujerar da muka saba yin laifin, kusa da wanda muka saba yi tare, abin yana cikin aljihunmu.

Saboda haka aikin farko shi ne ka gano ƙofar. Ka ɗauki kwana bakwai, ka ajiye 'yar takarda da biro a aljihu. Duk lokacin da ka faɗa cikin abin, ka rubuta abu huɗu: ƙarfe nawa ne, a ina kake, da wa kake, kuma me kake ji a ranka kafin ka fara. Kada ka rubuta zagin kanka, abin da ya faru kawai. A rana ta bakwai ka zauna ka karanta. Za ka yi mamakin yadda abin da kake ɗauka yana zuwa maka ko da yaushe, ashe lokuta biyu ko uku ne kawai yake da su. Wani zai ga duk sigarin da ya sha bayan cin abinci ne ko bayan an ɓata masa rai a wurin aiki. Wata za ta ga duk gulmar da ta yi a waya ce, kuma da mutum ɗaya. Wani zai ga kallon da yake jin kunyarsa bai taɓa faruwa da rana ba, sai ya kwanta shi kaɗai, fitila a kashe, waya a gefen matashi.

Sannan ka zaɓi ɗabi'a ɗaya tak. A nan mutane da yawa suke faɗuwa. Wa'azi ya ratsa mutum, sai ya ce daga yau ba waya, ba fushi, ba hira, zai tashi tsayuwar dare, zai sauke Alƙur'ani a mako. Kwana huɗu ya gaji, ya watsar da duka, har da ɗan abin kirkin da yake yi a da. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta faɗa a cikin Bukhari cewa ayoyin da suka fara sauka na ambaton Aljanna da wuta ne, sai da mutane suka tabbata a Musulunci sannan halal da haram suka sauka, kuma da farkon abin da ya sauka shi ne "kada ku sha giya," da sun ce ba za su taɓa barin giya ba. Ita giyar ma a mataki-mataki aka hana ta: Baƙara aya ta 219, sai Nisa'i aya ta 43, sai Ma'ida aya ta 90. Kada wani ya fahimci wannan a karkace. Haram ya riga ya tabbata haram, barinsa wajibi ne yanzu-yanzu, ba wanda aka ba izinin ci gaba da saɓo da sunan sannu-sannu. Darasin shi ne zuciya tana da iyakar kayan da take iya ɗauka lokaci guda, kuma sai an zuba mata wani abu take sakin abin da ta riƙe.

Idan ka rasa wadda za ka fara da ita, shawarata ka fara da dare, domin ɗabi'u da yawa a jikinsa suke rataye. Wanda ya kwana a waya zai makara Asuba, ya tashi da nauyin kai, ya yi wa iyalinsa tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ya yi aiki da rabin hankali, da yamma ya ji ransa a dagule, sai ya sake neman waya don ya manta. Abu Barza ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ƙin barci kafin Isha'i da hira bayanta. Kuma Annabi ya ba mu labarin ƙulli uku da Shaiɗan yake yi a ƙeyar mai barci, yana ce masa dare da saura, yi barcinka. Idan ya farka ya ambaci Allah ƙulli ɗaya ya warware, ya yi alwala na biyu ya warware, ya yi salla na uku ya warware, sai ya wayi gari cikin nishaɗi da daɗin rai. In ba haka ba ya wayi gari da ƙuncin rai da kasala. Daɗin ran da muke nema a wurare masu nisa, ga shi an gaya mana daga ina yake farawa.

A aikace, ka lissafa daga baya. Babban mutum yana bukatar barcin da bai gaza awa bakwai ba, to ka duba lokacin Asuba a inda kake, ka ja baya, ka ga ƙarfe nawa ya kamata ka kwanta; abin da ya ragu ka cike da ɗan barcin rana. Minti talatin kafin lokacin kwanciya ka kai waya wani ɗaki ka jona ta a caji a can. Idan ka ce ai da ita kake tashi, ka nemi ƙaramin agogo mai ƙararrawa. Wannan uzurin na ƙararrawa shi ya fi kowanne mayar da waya gefen matashi. Ka kashe sanarwar manhajojin da suke kiran ka, ka cire wadda ta fi cin lokacinka daga fuskar waya, ko ka goge ta gaba ɗaya na wata guda. Awa biyu kullum, idan ka tara a shekara, awa 730 ne, wato kwana talatin cur dare da rana. Wata guda kenan daga cikin lafiya da sararin lokaci, ni'imomi biyun da hadisin Ibn Abbas ya ce mutane da yawa suna tafka asara a cikinsu.

Sai dai ka sani, duk ɗabi'ar da ta daɗe tare da kai akwai wani aiki da take yi maka. Tana rage maka kaɗaici, ko tana kwantar maka da gajiya, ko tana sa ka ji kai ma wani ne. Idan ka cire ta ka bar gurbin a wofi, za ta dawo, ko wadda ta fi ta muni ta shigo. Shi ya sa tun kafin lokacin ya zo za ka tsara abin da za ka yi a madadinta, kuma ya zama ƙarami, wanda ko a ranar gajiya za ka iya. Bayan Isha'i, shafi ɗaya na Alƙur'ani da azkar ɗin kwanciya. Bayan cin abinci, maimakon sigari, asuwaki da tafiyar minti goma. Shafi ɗaya kullum ya fi juzu'i uku yau, gobe babu, domin aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne.

Fushi shi ma haka Sunna ta bi da shi, da jiki aka fara. Ka nemi tsarin Allah daga Shaiɗan jefaffe, kamar yadda ya zo a hadisin Sulaiman bin Surad. Idan kana tsaye ka zauna, idan bai tafi ba ka kishingiɗa. Ka ƙara da wannan: saƙon da ka rubuta cikin fushi kada ka tura shi sai gari ya waye.

Gulma ta fi wuyar kamawa, don tana zuwa cikin rigar tausayi. "Wallahi ba don gulma ba, amma wance tana ba ni tausayi." 'Yar'uwa, da zarar kin ji wannan jimlar ta taho bakinki, to ƙofar ce ta buɗe. Annabi ya fassara gulma da cewa ka ambaci ɗan'uwanka da abin da ba ya so, ko da abin yana tare da shi. In ba ya tare da shi ƙazafi ka yi masa. Abin da yake aiki shi ne a tanadi magana ɗaya tun kafin a zauna, kamar "ni dai alheri na sani game da ita," sannan a juya zancen. Sau uku ko huɗu za ki faɗa, masu kawo miki labari za su daina, wasu ma su ja baya da ke. Zai yi zafi, ba na ɓoye miki. Amma wanda ya kare mutuncin ɗan'uwansa a bayan idonsa, Allah zai kare fuskarsa daga wuta ranar Alƙiyama, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ba a ganinta a fili, amma ita ta fi cinye farin ciki: auna rayuwarka da ta wasu. Ka kwanta kana godiya, ka buɗe waya ka ga gidan wani, motar wani, auren wani, sai ɗakin da kake ciki ya ƙanƙance a idonka alhali ko taku ɗaya bai ragu ba. Muslim ya ruwaito umarnin mu dubi wanda yake ƙasa da mu, kada mu dubi wanda yake sama, don kada mu raina ni'imar Allah a kanmu. Ka daina bin shafukan da duk ka fito daga cikinsu sai ka ji ka raina rabonka. Wanda kuwa ka ji hassadarsa ta motsa a ranka, ka kira sunansa ka roƙa masa albarka a ɓoye. Da farko harshe zai yi nauyi. Ka tuna mala'ika yana cewa amin, kai ma kana da irinsa.

Yaushe abin zai zauna? Wani bincike da aka yi a jami'ar UCL ta Landan, wanda ya fito a 2009, ya bi mutum 96 da suke ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a, ya samu cewa tsaka-tsakin lokacin da take ɗauka ta zama jiki kwana 66 ne, wasu 18, wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Don haka idan ka kai mako uku kana jin har yanzu da ƙyar kake yi, ba alamar ka gaza ba ce. Sha'awar abin idan ta taso tana hawa ne ta sauka, yawanci cikin 'yan mintoci. Ka ce wa kanka sai bayan minti goma, ka tashi daga wurin, ka yi alwala. Mai barin sigari ya sa a ransa cewa makon farko ne mafi tsanani, da saurin fushi da rashin barci, sannan abin ya riƙa sauƙi cikin makonnin da ke biye. Amma wanda jikinsa ya saba da giya sosai, ko ƙwayoyi irin su tramadol da kodin da magungunan sa barci, ya tuba yau, kuma yau ɗin ya nemi likita ya tsara masa yadda zai rabu da su, domin yankewa farat ɗaya ba tare da kulawa ba tana iya jawo jijjiga da abin da ya fi haka. Neman magani ba ya rage tawakkali.

Ranar da ka zame, kuma mai yiwuwa ne ka zame, a nan Shaiɗan yake jiranka da magana ɗaya: tunda ka ɓata, ƙarasa kawai. Wannan "ƙarasa kawai" ita take mayar da tuntuɓen minti biyar ya zama komawar wata shida. Ka tashi a take ka yi alwala, ka yi raka'a biyu, ka nemi gafara, ka bi mummunan da kyakkyawa ya shafe shi, ko da 'yar sadaka ce. Sannan ka ɗauko takardar nan ka rubuta ta wace ƙofa aka shigo wannan karon, ka toshe ta kafin ka kwanta. Idan akwai haƙƙin wani a ciki, kuɗinsa ko mutuncinsa, ka mayar masa, don tuba ba ta cika da haƙƙin mutane a wuya.

Kuma kada ka tallata laifin da Allah Ya rufa maka asiri a kansa, ko a hira ko a shafinka, domin hadisi ya ce dukkan al'umma ana yafe musu ban da masu bayyanawa. Idan kana bukatar mai taimako, mutum ɗaya ya isa, mai tsoron Allah mai riƙe sirri. Ba sai ka zayyana masa komai ba. Ka ce masa kana son gyara barcinka, ko harshenka, ka roƙe shi ya riƙa tambayarka sau ɗaya a mako, ku tsayar da rana da lokaci, kuma ka yi masa alƙawarin gaya masa gaskiya ko da makon bai yi kyau ba.