Kafin ka sayi kujera mai juyawa

Ƙanena ya samu aikin da ake yi daga gida, sai ya turo mini hoton da ya gani a Instagram: farin tebur, kujera mai juyawa, tukunyar fulawa, ga taga wangame tana kallon lambu. Wai haka yake so ya shirya ɗakinsa. Na ce masa, ka bar tagar nan a buɗe kwana biyu cikin hunturun Gusau, mu ga ko za ka iya gane haruffan da ke kan madannan kwamfutarka.

Shekara biyar ke nan ina riƙe wa wasu 'yan kasuwa littafin lissafi daga gidanmu a Tudun Wada, kuma kuɗin farko da na zubar a banza kujera ce. Baƙa, mai leda, irin ta manyan daraktoci. Da bazara ta kama, zafi ya haura digiri 40, in na miƙe sai na ɓamɓare rigata daga bayana. Kafin shekara ta zagayo ledar ta fara salewa. Yanzu tana tsakar gida, yara na wasan juyi da ita. Wadda nake kai yanzu kafintan bakin layinmu ne ya ƙera, abu biyu kawai na roƙe shi: in na zauna tafin ƙafata ya dafa ƙasa, gwiwar hannuna ta yi daidai da saman tebur. Kwamfutar na ɗora ta kan tsofaffin littattafai har saman allonta ya zo saitin idona, na sayi madannai daban. Ciwon wuyan da na sha man zafi a kansa, shi ke nan.

Sai wuta. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, janareta ya koma kayan ranar suna, kuma ko da man ma, wa zai haɗa lissafi cikin wannan ƙara? Mutane na tsoron sola ne don suna haɗa firij da dutsen guga da injin ruwa cikin lissafin. Ofis ba ya cin haka. Cajar kwamfutar cinya yawanci wutar da take ci wat 45 zuwa 65 ce, ka ƙara fanka mai caji, ƙwan fitila ɗaya da waya. Ƙaramin farantin sola da batir guda sun riƙe ni tun safe har la'asar. A dai riƙa goge ƙurar farantin, batirin kuma a nema masa inuwa, don zafi na rage masa kwana. Layin waya a riƙe biyu, na kamfani daban-daban. Wanda yake Zamfara a Satumban 2021, lokacin da aka rufe layuka saboda tsaro, ba sai an ce masa ya ajiye kwafin aikinsa a cikin kwamfutar kanta ba.

Amma duk wannan mai sauƙi ne, kuɗi na magance shi. Abin da ya fi ba ni wuya mutane ne. A garin nan, namijin da aka gani a gida da hantsi, ko dai ba shi da lafiya ko ba shi da aiki. Watannin farko a ɗakin barci nake aiki. Gas ya ƙare, ai kana gida. Yaro ya manta kuɗin tara, ai kana gida. Maƙwabci na neman mai raka shi gaisuwa, ai wane na gida. Inna ta taɓa leƙowa ta same ni na zuba wa allo ido, ta ce, "Wanga yaro, tunda kallo kake, tashi ka kai ni dubiya." Na kai ta. Wa ya isa ya ƙi? Aikin sai ƙarfe ɗayan dare na gama.

Daga baya na lura ashe kakanninmu sun riga mu warware matsalar. Malami a zaure yake karantarwa, tela a zaure yake ɗinki, dukawa a zaure. Yana gida, amma ba ya cikin gida, kuma ba wanda ya taɓa ce masa zaman banza yake. Mu ne muka rushe zaure muka yi gareji, yanzu muna neman dabara wajen Turawa. Mata kuwa, masu saƙa da ɗinki da ƙuli-ƙuli, su za su ba mu labarin aiki cikin kukan yara, ko zauren ma ba a ba su ba.

Na kwashe buhunan da ke shagon ƙofar gida, na sa silin don kwano ba ya tausayi, na rataya labule mai kauri a taga. Ƙarfe takwas nakan yi wanka, in sa kaftani da hula, in yi wa uwargida sallama kamar mai zuwa sakatariya, in taka taku goma sha biyu. Ba na komawa ciki sai azahar. Makon jiya na jiyo Inna daga soro tana korar wani baƙo: "Ya tafi aiki, ka dawo bayan la'asar."