Wai Hannun Malam Ne

Ban kama sunan kowa ba, amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Tun da hoton katangar da muka zana ni da Malam, ubangidana a sana'ar zane, a Unguwar Rimi ya zaga Facebook, wani bawan Allah barci ya ƙaurace masa. Majalisa-majalisa yake bi, daga Kawo har Tudun Wada, wai hannun Malam ne, yaron riƙe tsani kawai ya iya.

To bari in tuna maka. Rana ɗaya iyayenmu suka kai mu shagon nan. Wata uku ka yi ka tsere, ka ce ba wanke burushi da kananzir ya kawo ka ba. Ni na zauna. Shekara shida ina rubuta sunayen shagunan aski da "Ba a fitsari a nan", ina cike furanni a bayan gingimari, rana na dukan ƙeyata, kafin a yarda in haɗa fenti da kaina. Ranar da Malam ya sauko daga tsani ya miƙo mini burushinsa ya ce, "Ƙarasa fuskar nan, idona ya gaji," hannuna rawa yake yi. Bai gyara ko layi ɗaya ba. Yanzu shi ke fitar da fasali, ni in zuba launi, wani lokacin in shafe nasa in ɗora nawa, ya tsaya ya duba ya ce haka ya fi. Kana ina a lokacin?

Irin bakinka na san ɓarnar da yake yi. A birnin Niyok na Amurka, wani mai zane, Jean-Michel Basquiat, da rubutu a bangon titi ya fara, yana sa hannu da SAMO. Da sunansa ya fito suka haɗa aiki da shahararren mai zane Andy Warhol, wanda ya ba shi shekara 32: wannan ya zana, wancan ya zo ya zana a kai. Da suka baje kolin aikin a 1985, masu sharhi suka mai da yaron ɗan rakiya, maganar kuwa ta shiga tsakaninsu. Warhol ya mutu a 1987, Basquiat kuma ya bi shi a 1988 yana ɗan shekara 27. A 2017 aka sayi zanensa guda, wanda ya yi shi kaɗai, dala miliyan 110.5. Kuɗin ba su dame ni ba, rabuwar ce ke ci mini rai, kuma ita kake nema mana. Wallahi ba za ka samu ba.

Ranar Asabar muna da aikin katanga a Malali, da hantsi. Ka zo, zan bar maka gefe guda da burushi, jama'a su tsaya su gani. Malam ma har gobe yana tambayar ko kana lafiya.