Layin sabuwar waya da sahun asuba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kusan duk shekara da watan Satumba ya kama kamfanin Apple zai fitar da sabuwar iPhone, sai ka ga hotuna suna yawo, mutane sun yi dogon layi a bakin shago tun kafin gari ya waye. Abin ya samo asali tun fitowar ta farko ranar 29 ga Yuni 2007 a Amurka, inda wasu suka shimfiɗa barguna suka kwana a bakin titi a New York kwanaki kafin a buɗe ƙofa, alhali wayar nan ba ƙarewa za ta yi ba, wanda ya jira wata biyu ma irinta zai saya.

A China kuwa a 2011 wani yaro ɗan shekara 17 ƙodarsa guda ya sayar ya sayi iPhone da iPad, daga baya ɗayar ta kasa aiki, ya zama majinyaci. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kada mu ce abin na can nesa ne, mu namu layin a zuciya yake. Ka leƙa kasuwar waya ta Farm Center a Kano satin da sabuwa ta shigo ka gani. Akwai wani matashi a layinmu, wayarsa lafiya ƙalau ko tsagewa babu, amma ya kai ta aka yi masa musaya ya yi ciko da kuɗin da ya ranto, ya dawo yana ɓare ledar kwalin a hankali abokinsa na ɗaukarsa bidiyo don a ɗora a status, wallahi har hannunsa rawa yake. Bayan sati uku mai bashi ya fara sallama a ƙofar gida, mahaifiyarsa ce take aiko yaro ya ce ba ya nan. Abin ya tsaya min a rai sosai.

Allah Ya faɗa a Suratul Anbiya aya ta 37 cewa an halicci mutum daga gaggawa, to gaggawar nan tana jikinmu, sai dai ina muka kai ta? Hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya ce da mutane sun san abin da ke cikin kiran sallah da sahun farko, sannan ba su samu hanyar samunsa ba sai ta ƙuri'a, da sun yi ƙuri'ar. Ga inda ya kamata a yi rige-rige, amma a masallacin unguwarmu da asuba sahu ɗaya ma da kyar yake cika, dattawa ne da 'yan sandunansu sai ladan da liman, samarin kuma suna kwance waya a kan ƙirji tun hirar dare.

Ni ban ce sayen abu mai kyau haramun ne ba, in Allah Ya hore maka da halal ɗinka saya ka gode Masa. Amma ɗan uwa in sai ka ci bashi, ko kuɗin cefanen gida za ka taɓa don a ce kai ka fara riƙewa, don Allah ka dakata, wayar hannunka tana kira tana karɓa. Daren yau ka saita ƙararrawarta kafin kiran assalatu, ka ajiye ta nesa da shimfiɗa yadda sai ka miƙe tsaye kafin ka kashe ta.