Tela mai farce da ƙyalli

Tela ba shi da jarin da ya wuce yatsunsa. Ni kuwa da hunturun bana ya kankama sai faratana suka fara yi mini zagon ƙasa. Bakinsu ya dinga ɓarewa falle-falle kamar bawon albasa, fatar gefe ta tsattsage, in na taɓa leshi sai zare ya biyo ni. Ranar da na zaro zare a mayafin wata amarya, uwarta ta zuba wa hannuna ido ba ta ce uffan ba, a ranar na kira ƙanwata, ma'aikaciyar jinya.

Ta ce, "Yaya, ba cuta ba ce, bushewa ce." Wai farce da gashi abu ɗaya aka yi su da shi, keratin. In ya sha ruwa sai ya kumbura, in ya bushe ya motse, yau da gobe sai ya fara rabewa. Sabulun wanki yana kwashe ɗan maiƙon da ke riƙe shi, iskar sanyi ta ƙarasa sauran. Ta ce in nemi man gyaran farce mai jojoba ko almon da bitamin E, in duba lambar NAFDAC, in kuma karanta jikin kwalbar kafin in biya. Wannan na ƙarshen har sai da ta maimaita.

Na hau adaidaita sahu sai kasuwar Sabon Gari, layin masu kayan kwalliya. Shagon da na shiga cike yake da mata, ana ta cinikin hoda da janbaki. Ga ni da gemu da hula, na tsaya a baya ina duba waya kamar wanda ke jiran wani. Yaron shagon ya ɗaga murya, "Alhaji, me za a kawo?" Duk aka waiwayo. Na ce ƙasa-ƙasa, man farce. Ya ce, "Na me?" Na ce na farce, kuma na uwargida ne, aiko ni ta yi.

"Au, na Hajiya ne? To ga wanda mata suke yayi."

Ya miƙo wata 'yar kwalba mai burushi a jikin murfi, ruwan ciki garau. Ban taya ba, ban karanta ba, na biya na zura a aljihu na fice.

Bayan sallar isha na kulle ƙofa na shafe yatsu goma tas. Warin fenti ya cika ɗakin, na ce ai magani mai ƙarfi dama haka yake. Ya bushe nan da nan, abin da ya ƙara burge ni, don ba maiƙo ko kaɗan.

Washegari da la'asar a majalisa na miƙa wa abokina hannu, sai ya riƙe ya ƙi saki. Ya juya shi a rana yana kallo. "Malam, yaushe ne kamun amaryar?" Kafin in buɗe baki hannuna ya zaga mutum shida. Wani dattijo da ke gefe yana jan carbi ya karɓa, ya ƙwanƙwasa farcen da nasa, ya ce, "Ɗana, wannan ai jan farce ne marar launi. Ruwa ba ya ratsa shi. Tun yaushe kake alwala a kansa?" Na fara lissafi da yatsun nan masu sheƙi: asuba, azahar, la'asar. Majalisa ta kwashe da dariya, ni kuwa ina tunanin ramuwar salla.

A gida na gwada kankarewa da reza, na kwashe har da saman farcen. Uwargida ta same ni a tsugune bakin rariya. Sai da ta yi dariya har ta riƙe bango, sannan ta aika maƙota aka aro mata ruwan goge jan farce. Ya fita kam, amma sinadarin asiton da ke ciki ya bar faratan fari fat, sun fi da bushewa.

Ƙanwata ce ta sayo na gaskiyar da kanta. Mai ne sosai, ruwan zuma, ana ɗiga shi a gindin farce inda sabo yake fitowa, a murza har fatar ta shanye. Ta ce wanda ya riga ya ɓare ba ya haɗewa, sai dai a yanke shi a goge bakin. Farcen hannu kusan milimita 3 yake tsiro a wata, kafin ya sabunta gaba ɗaya sai an yi wata 4 zuwa 6. Na ce to tunda tafiyar da nisa bari in ninka, na dangwala da safe kafin in buɗe shago. Farar shaddar wani ango na fara ɗauka. Hatimin yatsuna huɗu ya fito raɗau a gaban rigar, dole na faɗaɗa aikin wuyan ya rufe wurin, kyauta. Angon har yau yana yabon hannuna. Da rana kuma tuwona ya dinga ƙamshin turare.

Yanzu sai da dare nake shafawa, bayan an ci an wanke hannu, kuma zare ya daina bin yatsana. Sai dai kwalbar tana raguwa da saurin da bai dace da ɗigo goma ba. Na tambayi uwargida, ta ce, "Maigida, a gaban mata nawa ka faɗa a kasuwa cewa nawa ne? Ina da shaidu."