Wai Ina Baƙo Zai Ci Abincin Rana?

Ka gama kallon rijiyar Kusugu a Daura, ka ce bari ka leƙa garuruwan gindin duwatsu, azahar na yi yunwa ta yi sallama. Mai masa ta kife tanda tun ƙarfe 10, mai garau-garau saura ƙanzo, mai tsire ba zai hura wuta ba sai bayan la'asar! Taswirar waya ta ce ga gidan abinci, ka je ka tarar da injin niƙa. Shagon baduku fa? "Ya tafi gona, Alhaji, sai ranar kasuwa." Mai POS ba sabis, mai fura ba ta karɓar tiransifa, nonon ma tsaminsa zai tada matacce. Ƙuli-ƙuli da ruwan leda ne za su kai mutum Katsina?